Buta a Bayan Kujerar Direba

Ku samarin da ke shigowa garajinmu da waya a hannu, ku nuna mini hoton mota tana tsalle a kan tudun rairayi, ku ce, "Ya Yagana, a ɗaura mini turbo irin wannan, jibi zan zo in ɗauka," da ku nake. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, rubutuna kamar sawun kaza ne a bakin rijiya, amma gara in rubuta sau ɗaya in huta da maimaici. Ku a ganinku turbo ɗan ƙarfe ne mai kama da katantanwa, a ɗaure shi da noti a tashi. Ni kuwa na san abin da ya ja mana kafin mu iya zama da shi lafiya.

Aikina na farko a garajin nan wankin noti ne. Mahaifina, wanda duk Diffa ke kira Ba Mele, makanikin injinan gazuwal ne, wato man dizal, ni kuma nake kai masa abincin rana. Wata rana na tarar ya baje injin wata kamiyo, babbar motar kaya, a kan buhuna, yana laluben wani ɗan mitsitsin ƙarfe da ya faɗa cikin rairayi. Na tsuguna na tsinto masa. Bai ce sannu ba. Ya turo mini tasa da gazuwal a ciki da wani tsohon buroshin haƙori, ya ce, "Tunda idonki ya fi nawa, wanke waɗannan. Wanda kika ɗauko daga dama, ki mai da shi dama." Tun daga ranar kwanon abinci bai sake komawa gida da wuri ba. Ƴan'uwana maza ba su tsaya ba, ɗaya ya bi kifi ya tafi tabki, ɗaya ya ce hannunsa ba na baƙin mai ba ne. Innata ta yi faɗa har ta gaji, tana cewa wa zai auri mace mai baƙin farce. Baba ya ce, "Direba." Haka kuwa aka yi.

Kayan aikinmu ba su cika akwati biyu ba. Akwai sarƙar ɗaga inji da ke rataye a reshen dogonyaro, reshen har ya yi kanta. Akwai wani kile mai dogon hannu da ke yin ƙas idan noti ya ɗauru daidai, shi Baba a tsumma yake naɗe shi, ko limamin unguwa ya zo aro ba ya samu. Akwai gilashin wata tsohuwar taga da muke kwantar da kan inji a kai mu ga ko zafi ya karkatar da shi. Sai kuma kwanukana. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san rairayinmu ba ya neman izini, cikin tuwo yake shiga, balle cikin inji. Ƙwaya ɗaya ta isa ta zana fistan. Da aka yi mini aure aka jera mini kwanuka masu murfi har kusa da rufin ɗaki, sai na ga babu abin da ya fi su dacewa da ƙarfen da aka wanke. Na ɗauki ɗaya, na ɗauki na biyu. Ranar da innata ta kawo mini ziyara ta tarar jere ya yi giɓi kamar bakin tsohuwa, sai ta zauna a bakin gado ta ce ita ta sallama.

Masu kawo mana aiki kowa da halinsa. Makiyayan wajen Fulatari su kawo mota su shimfiɗa tabarma a gefe, su wuni suna dafa shayi suna kallon hannunka, ba za su ce komai ba, amma duk notin da ka cire suna lura da inda ka ajiye shi. Manoman tattasai su ɗoro injin ban-ruwa a kan amalanke, tun daga ƙofa suna faɗin gona na jin ƙishi, kamar kai ka shanye kogin Komadugu. Waɗanda suka taso daga ƙetaren kogi kuwa komai da sunan da suke kiransa, mu ce kile su ce sifana, sai an nuna da yatsa ake shiryawa. Baba bai taɓa gardama da kowa a kan suna ba. Yakan ce a kira shi yadda aka ga dama, muddin an ɗaure shi.

Sai shekarar nan ta zo, wadda aka hana hawan babur, aka tsayar da cinikin tattasai da na kifi, mutanen bakin kogi suka taso suka kafa bukkoki a gefen gudro, wato titin kwalta, daga Asaga har inda ido ya ƙare. Garaji ya zama wurin kwanan awaki. Murhu muka koma ƙerawa da tsofaffin ƙarafan taya muna sayar wa waɗanda suka baro nasu a gida. Amma kullum da safe Baba sai ya buɗe akwati ya goge kayan aiki ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani mataccen inji da mai shi bai dawo ba, shi Baba ya sa ni in kwance, in wanke, in haɗa. Idan na gama ya shafa ya ce, "Yauwa. Kwance." A wannan injin da bai taɓa tashi ba na koyi aikina. A shekarar ne kuma yanar ido ta fara rufe wa Baba gani. Daga nan aiki ya rabu biyu, shi da yatsu da kunne, ni da ido.

Aikin da nake so ku ji shi ne na Alhaji Ari, wani ɗan kasuwar tattasai, mutumin Geskeru da ya dawo Diffa da zama. Da hanya ta fara buɗewa sai ga shi an jawo masa wata tsohuwar mota kat-kat mai buɗaɗɗen baya, a bayanta kuma remok, wato ƴar tirela, da wani mai walda ya ƙera masa da ƙafafun matacciyar kamiyo. Babbar mota ba ta iya shiga gonakin bakin kogi, nutsewa take yi, ƙarama kuma ba ta ɗaukar abin kirki. Shi so yake ya kai siminti da injinan ban-ruwa, ya dawo da shinkafa da albasa da tattasai.

"Ba Mele," in ji shi, "so nake ta ja wancan a cike, cikin rairayi."

Baba ya zagaya remok yana shafawa, ya dawo ya dafa motar. "Alhaji, jaki gare ka, ka ɗaura masa kayan raƙumi."

"To ka mai da shi raƙumi. Ba aikinka ke nan ba?"

"Zan gwada. Amma ni zan zaɓi wanda zai tuƙa."

"Surukinka kake nufi."

"Shi kaɗai ne direban da in na zage shi ba zai canza garaji ba."

Haka maigidana, baban Bintu, ya sami aikin. Bintu lokacin tana goye.

Ga yadda turbo yake, ga wanda bai sani ba. Hayaƙin da inji ke fitarwa shi ke juya wata ƴar fanka, ita kuma ta juya ƴar'uwarta da ke tura iska cikin inji, kamar zugazugin maƙeri. Iska ta yi yawa, wuta ta yi ƙarfi, mota ta ja. Amma wuta mai ƙarfi tukunya mai kauri take so. Don haka ba turbo muka fara ɗaurawa ba, shi ne ma na ƙarshe. Sai da muka sauke injin gaba ɗaya. Muka samo fistan masu kaurin kai daga wata motar furoje, ta masu aikin agaji, da ta kife, muka canza kuloci don kar ya ƙone a hawa, muka sa radiyeta babba da sai da aka yanke ƙarfen gaba kafin ta zauna, muka ɗaga bututun shaƙar iska har saman rufi, nesa da abin da tayoyi ke tayarwa. Wajen famfon mai kuwa Baba kaɗan ya ƙara. Ku kuna son ku ga baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanku ku ce ƙarfi ne. Ba ƙarfi ba ne, gazuwal ne da bai ƙone ba yake dafa muku inji.

Bututun da ke kai wa turbo mai shi ya fi ba mu wuya. Dole ya lanƙwasa ba tare da ya matse ba. Baba ya ce in ciko masa shi da rairayi mai laushi, ya toshe baki biyu, ya gasa a wuta ya lanƙwasa a kan gwiwarsa, ya fito sumul. Ranar ce kaɗai na ga rairayin Diffa ya yi wa inji amfani. Amma ni na sha wankin bututun. Na ɗuraye, na busa, na zura tsumma, na sake ɗurayewa, na ajiye a kwano na rufe, can kuma in ji hankalina bai kwanta ba in sake buɗewa. Kowace kafa ta inji da ke buɗe, da tsumma nake toshe ta, kuma jan tsumma, na tsohon zanen goyon Bintu, in bar masa dogon wutsiya a waje. Baƙin tsumma ɓacewa yake a cikin baƙin inji, a rufe da shi a ciki. Ja ba ya ɓuya.

Ranar tayarwa, da cokali na ɗiga wa turbo mai, na juya fankar da ɗan yatsa har ta yi santsi. Muka juya inji ba wuta sai da mai ya kewaya ko'ina, sannan baban Bintu ya murɗa makulli. Ya tashi. Can ƙasa-ƙasa kana jin wani siririn fito. Baba ya dafa dogon sukundireba a jikin ƙarfen, ya kanga kunne a ƙotar, ya daɗe. Sai ya miƙe ya kira surukinsa.

"Modu, saurara. Abin nan in ya ja kaya, ja yake zama kamar garwashi. Mai ne ke sanyaya shi, mai kuwa ba ya yawo sai inji na juyawa. In ka kashe nan take, man da ke ciki tsayawa zai yi ya ƙone."

"To minti nawa zan jira, Baba?"

"Ni ba ni da agogo, naka kuma ƙarya yake yi. In ka tsaya, bar shi yana numfashi. Sauka ka ɗauki buta ka yi alwala, cikakkiya, har tsakanin yatsun ƙafa. In ka gama, ka kashe."

Ya aika aka sayo shuɗiyar buta, shi da kansa ya cusa ta bayan kujerar direba.

A lokacin, kafin magariba ake rufe hanya. Wanda bai wuce bariyer ba, wato shingen sojoji, inda rana ta faɗi masa nan zai kwana, kuma kowa ya san ba wurin kwana ba ne. Alhaji kayansa yake gani a injin nan. Ni abin da nake gani shi ne ko zai shigo da baban Bintu gari kafin a ja ƙarfen bariyer. Da la'asar ta yi sanyi sai in rufe kwanukana in tsaya a ƙofar garaji. Fitonsa nake fara ji kafin in ga motar.

Kakar tattasai ba ta yi rabi ba, wata yamma ban ji fito ba. Sai da hantsi wata kamiyo ta jawo su, mota da remok, bututu duk ya jiƙe da mai. A gefen hanya ya kwana, ƙarƙashin remok. Bai faɗa mini yadda daren ya wuce ba, ni ma ban tambaya ba.

Na kwance turbo na buɗe a cikin kwano. Inda ya kamata a ga ƙarfe yana ƙyalli, baƙin abu ne ya daskare, sak ƙanzon tukunyar da aka manta a wuta. Baba ya kankara da farce, ya sansana.

"Da zafinsa aka kashe shi. Ba sau ɗaya ba kuma."

"Wallahi Baba, ban taɓa tsayawa ban yi alwala ba," in ji baban Bintu. "Ƴan lodi har suna suka sa mini. Mai Buta suke ce mini."

Alhaji yana tsaye yana karkaɗa makullai. "To ɗaya dai ne, ko aikin ne ba kyau, ko direban. Ku zaɓa, duk gida ɗaya ne."

Turbo ɗaya ya rage mana, wanda ke cikin babban kwanona a ƙarƙashin gado. In shi ma ya tafi yadda na farko ya tafi, wani kwanan hanya ne, kuma ba kowane kwanan hanya ake dawowa a ba da labarinsa ba. Baba ya murza ƙanzon a yatsa. Can ya ce, "Modu ba ya ƙarya. Ƙarfe ma ba ya ƙarya. Akwai abin da ba mu gani ba, ni kuma ba ni da ido. Yagana, in kin gama ɗaurawa, goya ƴarki ki bi shi."

Na bi. Da safe a kan gudro tafiya ce mai daɗi, inji ko gumi bai yi ba. Muka sauka cikin kwari, muka kai gonaki, ƙasa duk ta yi ja da shanyar tattasai, Bintu tana ta atishawa. Da ya tsaya ya sauka da butarsa, ya yi alwala a nitse, sannan ya kashe. Da azahar ma haka. Na ce a raina to ina matsalar take.

A dawowa ne aka cika remok da buhunan shinkafa, aka ɗora albasa, aka tula tattasai a sama. Daga kwari zuwa gudro hawa ne mai tsawo cikin rairayi mai zurfi. Ƙaramar giya ya sa, ƙafarsa ta danne totur har ƙasa, turbo yana ihu, ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafata ya yi zafi har na naɗe ƙafafu. Muna hawa gudro, ba nisa, sai ga gangunan bariyer. Dokar wurin kowa ya san ta: ka tsaya daga nesa, ka kashe mota, kowa ya sauka, maza su ɗaga riga. Mota ba ta gama tsayawa ba hannunsa ya riga ya murɗe makulli. Na ji fiton yana sauka yana sauka, kamar yaron da ya yi kuka barci ya ɗauke shi, sai kuma ƙas, ƙas, ƙarfe mai zafi yana magana shi kaɗai. Muka jeru a rana aka duba mu. Sai da muka wuce na juyo wajensa.

"Baban Bintu, ka kashe."

"Na kashe me?"

"Inji. A bariyer. Yana tsakiyar zafinsa."

Ya dubi makulli, ya dubi hannunsa. Muka yi tafiya mai ɗan nisa.

"Innalillahi. Ni wannan ban taɓa sa shi cikin lissafi ba. Hannuna ne ke yi, ban ma san ya yi ba." Ya juyo ya dube ni. "To ya kike so? In bar shi a kunne, in sauko musu da buta a hannu? Takaba kike sha'awa?"

Na san za ku ce ai akwai wata ƴar na'ura da ake sa wa mota, ko an zare makulli inji ya ci gaba da juyawa har ya huce. Na sani, an kawo mana ita talla. Ku zana abin a ranku: direba a tsaye hannu sama, mota ba kowa a ciki tana ta ruri a gaban masu bindiga. Baba ya mayar wa mai tallar kayansa ya ce turbo ana samun wani, rai ne ba a samu.

Da muka iso na faɗa wa Baba abin da na gani. Sai ya tambaye ni, "Daga inda kuka hau gudro zuwa gangunan, me ke tsakani?"

Na ce bukkokin ƴan gudun hijira ne, da wata mai ƙosai, da mai shayi a ƙarƙashin aduwa da durom ɗin ruwansa.

"A fili yake? Daga bariyer ana hango shi?"

"Sarai."

"Madalla. Wanda ya tsaya a ɓoye shi ake tsoro. Modu, a nan za ka riƙa tsayawa. Ka yi alwalarka kowa na gani. Daga nan ka lallaɓa a hankali har gangunan, kamar mai rakiyar amarya. In ka kai, kashe abinka."

"Baba, lokacin fa ba azahar ba ne, ba la'asar ba. Alwalar me?"

"Ka taɓa jin an kai mutum likita don alwala ta yi masa yawa?"

Haka ya riƙa yi, kwanaki suna tafiya lafiya. Sai Baba ya ce in sake bi sau ɗaya in saurari injin a hawa. Ranar Alhaji ma ya ce zai je ya ga gonarsa. A dawowa, tsakiyar hawa, ƙafar remok ta nutse har gindi. Aka sauke buhuna, aka haƙa, aka shimfiɗa kaba, aka tura, aka sake lodi. Kafin mu hau gudro rana ta yi ja ta sauko kan bukkoki. Injin kuwa bai taɓa shan wuya irin ta ranar ba, warinsa har cikin mota.

Muna dosar aduwa baban Bintu ya fara rage gudu.

"Me kake yi?" in ji Alhaji. "Wuce, Modu! Ba ka ganin rana?"

"Alhaji, da zafi yake."

"Ya ƙone! Ni na saya, ni zan sake saye. Ga mace, ga jaririya, a nan kake so mu kwana?"

Maganarsa ba ƙarya ba ce. In muka tsaya, ana iya rufewa muna kallo. In kuma muka wuce aka kashe shi a haka, bayan bariyer akwai sauran tafiya mai yawa kafin Diffa, ba gida ba rijiya, kuma a irin wurin turbon farko ya mutu. A nan ko ba komai akwai mutane da wutar mai shayi. Baban Bintu ya juyo ya dube ni. Bintu tana barci a cinyata. Na miƙa hannu bayan kujera na jawo buta na ba shi.

Ya sauka ya tsuguna a gaban mota, inji yana numfashi. Na zuba ido in ga ko zai gaggauta. Bai gaggauta ba. Hannu, baki, hanci, fuska, har ya zo ƙafa ya bi yatsu ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya sauka, ya zagaya mota, ya duba rana, ya duba bariyer, ya yi tsaki. Mai shayi yana cewa, "Mai Buta, yau ka makara." Can Alhaji ya tattare hannun riga ya ce, "Miƙo nan, ai magaribar ma ta kusa." Ni kuwa kunnena yana kan inji. Na ji muryarsa tana sauka, warin yana raguwa.

Muka lallaɓa. Muna isa wani soja ya riga ya kama ƙarfen yana jawowa. Baban Bintu ya tsaya daga nesa ya kashe. Shiru, ba fito, ba ƙas. Muka sauka, maza suka ɗaga riga. Sojan ya matso yana dubansu, ruwa na ɗiga daga gemun Alhaji.

"Kai ne mai butar nan?" ya ce wa baban Bintu. "Kullum muna hangenka. Har gardama muke yi, wasu su ce malami ne, wasu su ce ciwon fitsari gare ka."

"Turbo ne, shef."

"Turbo ne ke alwala?"

"Shi ne ba ya son a kashe shi da zafi."

Sojan ya yi dariya, ya leƙa remok, ya dubi Bintu da ta farka tana murza ido. Ya tura ƙarfen baya da ƙafa. "Ku wuce. Ku ne na ƙarshe." Ina jin ƙarar ƙarfen a bayan remok lokacin da ya rufe.

Ana kiran magariba muka shigo garaji. Baba yana zaune a kan tsohuwar taya a bakin ƙofa, inda nake tsayawa. Baban Bintu ya tsayar da mota ya bar ta a kunne, ya leƙo ya ce, "Baba, ni da Alhaji duk muna da alwala. Yanzu ya za a yi?"

Baba ya miƙo hannu. Na sa masa buta. Ya tsuguna a gefen taya ya yi tasa, a hankali, kansa a karkace wajen inji. Da ya wanke ƙafar hagu ya zauna ya ƙara saurare kaɗan.

"Kashe," in ji shi.

Turbon nan har yau shi ne a jikin motar. Bintu ta shiga lakwal, ƙaninta ne a bayana yanzu, jajayen tsummokaina kuma daga zanen goyonsa suke fitowa. Baba ba ya gani sam, amma babu injin da ke fita daga garajin nan bai kanga masa kunne ba. Ni ma ban daina tsayuwar ƙofa da la'asar ba.

Saboda haka in kun zo, ku mai da wayar aljihu. Zan haɗa muku inji, zan ba ku buta a kai, shuɗiya, ba sai kun roƙa ba. Amma kafin in buɗe kwano ko ɗaya, sai kun zauna a kan tayar nan kun faɗa wa Baba hanyar da kuke bi, da wanda ke jiranku a gida, da inuwar da za ku tsaya ku zuba ruwa.